Wata takwas da ɗan akwatin fentin ruwa a aljihuna

Ranar da ƙanwata ta dawo daga Ingila ta miƙo mini shi, na ɗauka akwatin hoda ne. Fari ne na roba, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, ciki launi 12, kowanne kamar dunƙulen magi. Na Winsor & Newton ne, kamfanin da aka kafa a Landan tun 1832, samfurin da suke kira Cotman, wanda suke yi wa masu koyo. Akwai na ƙwararru, ya fi tsada.

Da fentin gwangwani na saba, mai kauri, wanda in ka yi kuskure sai ka shafe da wani. Wannan kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. Haske daga farin takardar yake fitowa, don haka inda kake son fari sai ka bar shi tun farko. Na ɓata takardu sun fi ashirin kafin hannuna ya faɗa.

Abin da ya ba ni dariya shi ne da na gane abin da ke riƙe launin: ƙaro ne. Ƙaron nan dai na dakwara, wanda ake tsinka a Yobe da Borno da Sudan, wanda malamin allonmu ke jefawa a tawada don ta kama. Ya je Turai ya sha ado ya dawo.

A Ƙofar Mata na fi gwada shi. Ina zuwa da sassafe kafin in wuce wurin aiki, in zauna gefen marina da robar ruwa da tsumma. Shuɗin da ke cikin akwatin shi kaɗai ya yi wa launin baban rini haske da yawa, amma da na ɗiga masa ɗan launin jar ƙasa sai ga shuɗin nan mai duhu na turkuɗi ya fito. Wani dattijo mai rini ya leƙo, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yaro, naka bai nuna ba tukuna, ƙara tsomawa." Na bari ya bushe na sake bi. Gaskiyarsa, a hawa na uku ya nuna. Rawayar ƙasar da ke ciki kuma kamar don ganuwar Kano aka yi ta.

Da hunturu sai ka yi da gaske. Kafin ka kai buroshi ƙasan takarda, sama ta bushe, ta bar maka layi a tsakiyar sararin samaniya. Dabarata ita ce in jiƙa takardar tukuna, in kuma dama launi da yawa a murfin akwatin. Da damina kuwa jira ne ke cin lokaci.

Wanda zai saya, ya ware kuɗin takarda. Wata mai araha da na ɗauko a kasuwa ta kumbura ta yi tudu da kwari, launi ya taru a lungu. Da na koma mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, sai fentin ya zauna.

Shuɗin ya kusa ƙarewa, har ramin tsakiyarsa ya kai ƙasa. Farin kuwa ko taɓa shi ban yi ba.