Ruwan robar Mehron a kwalliyar zombi: inda yake aiki da inda yake gazawa

Mehron tsohon kamfanin kayan kwalliyar dandamali ne na Amurka, tun 1927 yake sana'ar. Ruwan robarsa, wanda aka rubuta wa Liquid Latex a jikin kwalba, yana cikin abin da mai koyon kwalliyar zombi, wato gawa mai tafiya ta fina-finan ban tsoro, ke fara saye. Idan ruɓaɓɓiyar fata mai saɓulewa ake so, irin ta gawar da ta kwana biyu, ya cancanci kuɗinsa. Idan kuwa rauni mai zurfi ake nema, wanda kyamara za ta matso kusa da shi, a nemi wasu kayan haɗa raunin bogi, kamar gelatin ko silikon.

Ƙaramar kwalbar mililita 30 ce, ta isa fuska ɗaya ko biyu. Mai yi wa jama'a da yawa ya ɗauki babbar. Akwai marar launi, akwai masu launin fata. Marar launin ya fi, domin in ya bushe yakan zama garai-garai da ɗan rawaya, ya karɓi duk fentin da aka ɗora masa. Mai hasken launi a kan baƙar fata kamar filasta yake fitowa, sai an sha wahala kafin a ɓoye gefensa.

Da an buɗe murfi warin amoniya zai bugi hanci, ita ce ke hana robar daskarewa a kwalba. Shi ya sa ake tsiyaya kaɗan a murfin roba a bar shi ya sha iska na minti ɗaya ko biyu, kuma ba a kai shi fatar ido ko dab da ita. Wanda ake yi wa ya rufe ido muddin ana aiki a kumatu da goshi. Abin da ya fi warin muhimmanci shi ne borin jini: robar daga ƙaron itace take, wasu jikinsu ba ya ɗaukarta sam. A ɗiga kaɗan a cikin dantse kwana guda kafin ranar aiki. In wurin ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko kumburi, maganar ta ƙare. A kuma tambayi mutum ko ayaba, kiwi ko afokado na tayar masa da bori, don sau da yawa tare suke tafiya.

Fata ta zama wankakkiya, busasshiya, ba mai. Gira da gefen gashi a shafe su da gam ɗin takarda mai sanda, ko basilin kaɗan, in ba haka ba robar za ta kama gashi, cirewa ta zama azaba. Da yankakken soso ake ɗiɗɗiga ruwan robar. Burushi mai kyau kuwa shiga ɗaya zai yi ya mutu.

A nan ne robar Mehron ke nuna kanta. Ba ta cika kauri ba, tana shimfiɗuwa siririya, kuma sirantar ita ce sirrin aikin. A shafa shimfiɗa ta farko, a raba tishu zuwa falle ɗaya, a yage gefensa da hannu, kada a sa almakashi, domin miƙaƙƙen layi ba ya ɓoyuwa. A ɗora, a bi da wata robar har ta zarce bakin tishun da kamar rabin santimita. A busar da na'urar busar da gashi, iska mai sanyi, minti biyu zuwa uku, sai farin ya washe. Shimfiɗa uku zuwa huɗu sun wadatar. Mai gaggawar da ya lafta da kauri zai ga sama ta bushe ciki na nan jiƙe, yana ja duk ta taso kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Bayan ta bushe a buga hoda sosai, don busasshiyar roba na manne wa kanta, in ta naɗe ba ta warwaruwa. Sannan a ɗaga tsakiya da ɗan hantsaki, a huda, a yage yadda ake so fatar ta rataya.

Tamoji ma tana yinsu da kyau: a ja fatar da yatsu biyu, a ɗiga robar, a busar, a sa hoda, sannan a saki.

Wajen fenti ne aka fi yin ɓarna. Kwalliya mai maiƙo tana cin roba, launin ya yi dabbare-dabbare. Ko dai a fara shafa siririn man zurma, irin Castor Sealer na Ben Nye, ko a yi aiki da fentin da ake jiƙawa da alkohol mai ƙarfin kashi 99, irin Skin Illustrator. Cikin raunin a sa baƙi a can ƙasa, ja mai duhu a bakinsa. A kan fata mai duhu kada a yi farin fenti, toka kawai zai nuna. Ruwan toka mai duhu, shunayya da kore mai ɗaci-ɗaci su ke kashe hasken fuska, a zurfafa kwarmin ido da ƙasan ƙashin kumatu. Jinin bogi shi ne na ƙarshe, mai kauri a ciki, mai ruwa ɗigo biyu ko uku. In ya yi yawa ya rufe duk wahalar da aka sha.

Babban aibin ruwan robar gumi da motsi. A gefen baki da haɓa gefuna kan ɗago bayan 'yan sa'o'i, sai an bi su da gam irin Pros-Aide. Yana kuma ƙyalli in hoda ta yi kaɗan, kuma in ya zuba a tufa ba ya fita.

Wajen cirewa a jiƙa tawul da ruwan ɗumi da sabulu, a ɗora, a ɓare a hankali daga gefe. Inda ya kama gashi a sa mai a jira. A goge bakin kwalba, a ɗaure murfi tam, don in amoniyar ta fice robar dunƙulewa take yi. Kada kuma a ajiye ta inda za ta yi ƙanƙara, in ta daskare sau ɗaya ba ta komawa ruwa.