Keken alminiyam bayan shekara uku: abin da na canza da abin da na bari

Saura kaɗan in sayar da keken nan tun bai cika shekara a hannuna ba. Keken tsere ne, irin mai lanƙwasasshen kai da siraran tayoyi. Firam ɗinsa alminiyam ne samfurin 6061, fok ɗinsa, wato ƙahon da ke riƙe da ƙafar gaba, na kabon, giya takwas a baya, faranti biyu a gaba, nauyinsa kilo 10 da 'yan kai. Gudu kam ba a magana. Amma da na yi awa biyu a kansa sai in sauko tafin hannuna ya mutu, ƙaramin yatsa da na kusa da shi ba na jin su sam, ƙuguna kuma kamar an kwana ana dukansa. Duk wanda na kai wa kuka amsarsa ɗaya: ai halin alminiyam ke nan, ba ya shanye gargada, ka yi haƙuri ka tara ka sayi na kabon. Na yarda da su har na fara cigiyar mai saye.

Wani dattijo mai gyaran kekuna ne ya taka mini birki. Na kai masa ya daidaita mini ƙafar baya, sai ya sa babban yatsa ya danna tayar, ta ƙi lotsawa ko ƙanƙani. Ya ɗago ya ce, "Ɗana, iska nawa kake ɗura wa wannan?" Na ce, "Baba, 115 a ma'aunin PSI, kusan abin da aka rubuta a gefenta." Ya girgiza kai ya ce wannan lambar iyaka ce da aka ce kada a wuce, ba a ce lallai sai an kai ta ba. "Dutse kake hawa," in ji shi, "kana ganin laifin firam."

Daga wannan maganar komai ya sauya. Na cire tayoyin da keken ya zo da su masu faɗin milimita 23, na sa Continental Grand Prix 5000 masu milimita 28. Nauyina kilo 74 ne, don haka na tsaya a kan iska 75 a baya, 70 a gaba. Ranar da na fara fita da su, akwai wani yanki na kwalta da ta tsattsage wanda kullum nake miƙewa tsaye a kan feda in na zo shi. Ran nan na wuce shi a zaune, sai da na yi nisa na tuna ban tashi ba. Ƙarar keken ma ta sauya. Kakkaɓin nan da ke bin ƙarfe ya hau hannu ya ɓace, sai wani sauti mai taushi kamar ana yaga ƙyalle a hankali.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne in mutum ya tsaya ya duba. Firam ɗin keke alwatika biyu ne aka haɗa, kuma alwatika ba ta lanƙwasuwa sama da ƙasa sai ɗan abin da ido ba zai gani ba, ko da ƙarfe aka yi ta, ko alminiyam, ko kabon. Taya kuwa tana iya lotsawa milimita da yawa duk lokacin da ta haɗu da tsakuwa. Ita ce katifar keken. In ka cika ta da iska har ta zama itace, duk bugun hanya jikinka zai ɗauka, kuma ƙarfin da ya tafi wajen girgiza ka ƙarfi ne da bai tafi wajen tura ka gaba ba. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, girgizar tana sa a ji kamar ana gudu. Agogo kuwa ya nuna mini ban rage komai ba a hanyar da na saba bi, har ma nakan iso da ɗan sauran ƙarfi.

To ina alminiyam ya samo wannan baƙin suna? Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, amma taurinsa ma kusan kashi ɗaya cikin uku ne. Kekunan da aka yi da shi a shekarun 1970 da 1980, irin na Vitus a Faransa da Alan a Italiya, siraran bututu ne aka haɗa da gam, kuma da laushi aka san su, ba da tauri ba. Daga baya kamfanonin Amurka irin su Klein da Cannondale suka koma yin bututu masu kauri don maganin wannan laushin. Cannondale ta fitar da nata na farko a 1983. Waɗannan manyan bututun, haɗe da tayoyi 'yan siri-siri cike da iska da ake yayi a shekarun 1990, su suka haifar da labarin da har yau ake maimaitawa. Duk da haka, a kan keken Bianchi na alminiyam ɗan tseren Italiya Marco Pantani ya lashe gasar zagayen Faransa a 1998. Firam ɗin yanzu kuma ba irin na wancan zamanin ba ne: ana siffanta bututun da matsin ruwa, a bar bangonsa da kauri a bakin walda, a rage shi a tsakiya.

Bayan taya, sai wuraren da jiki ke taɓa keke. Mutuwar yatsuna ta ragu amma ba ta tafi gaba ɗaya ba, sai na gane miƙewa nake yi da yawa kafin in kamo kan keken, nauyina duk ya koma kan hannu. Na sauya wuyan da ke riƙe da kan daga milimita 110 zuwa 90, na naɗa sabon tef mai ɗan kauri. Shi ke nan, magana ta ƙare. Sirdi kuwa sai da na gwada uku. Na farko mai taushi ne sosai, ya yi daɗi minti ashirin, daga nan ya zama azaba, don jiki na nutsewa a ciki, soson ya danne inda bai kamata ba. Wanda ya karɓe ni mai tauri ne, faɗinsa milimita 143, da tsaga a tsakiya. Yadda na gano faɗin: na zauna a kan kwali a bisa benci, na auna tazarar ramuka biyun da ƙasusuwan zama suka bari. Sirdin da ya dace da abokinka ba lallai ya dace da kai ba, don haka ba zan ce wa kowa ya sayi irin nawa ba.

Sandar sirdi ta kabon, mai kaurin milimita 27.2, ta ƙara ɗan sauƙi, ba mai yawa ba, amma ana ji a doguwar tafiya. Sai dai a nan akwai abin lura guda biyu. Ba a ɗaure ta da ƙarfin tsiya; akwai sifana mai auna ƙarfin ɗauri, kuma lambar da ake so, galibi 5 ko 6 a ma'aunin Nm, tana rubuce a jikin maɗaurin. Na biyu, kabon da alminiyam in suka daɗe a haɗe, ga gumi ga ruwan sama, sukan ci juna har sandar ta maƙale. Tawa ta taɓa yin haka bayan na yi wata takwas ban taɓa ta ba. Da na samu ta fito da ƙyar, wani farin gari ne ya biyo ta kamar toka. Tun daga ranar, duk wata uku nake zare ta in goge, in shafa man da aka yi don kabon, in mayar.

Abu mafi ƙanƙanta da ya fi ba ni mamaki robar birki ce. Birkina irin mai kama rim ne. Tsofaffin robobin sun ƙandare, kuma da na duba su a rana sai ga 'yan ɓarɓashin alminiyam sun nutse a ciki suna ƙyalli, su ne ke cin rim ɗin suna wannan ƙarar ƙaiƙayi. Na sa na SwissStop, na sauya kebur da rigarsa. A gangara yanzu yatsa biyu sun ishe ni, kuma wanda ya amince da birkinsa shi ne ke sakin keke ya tafi. Lokaci-lokaci nakan cire robobin in tsince su da allura.

A shekara ta biyu na sauya ƙafafu. Na asali sun haura kilo 2 su biyun, sababbin, su ma na alminiyam, wajen kilo 1.6. Bambancin yana nan, musamman in an tashi daga tsaye ko an miƙe a kan tudu: keken yana amsawa nan take, ba ya jan jiki. Amma gaskiya ɗaya ce, abin da ƙafa ke ji ya fi abin da agogo ke nunawa. A nan ne kuma na haɗu da matsalar da ban hango ba. Cikin sabon rim ɗin milimita 19 ne, tsohon 15, sai tayar ta ƙara buɗewa da fiye da milimita ɗaya. A gaba babu damuwa. A baya kuwa tazarar da ke tsakanin taya da firam ta koma 'yar mitsitsiya, kuma bayan wata tafiya cikin ruwa na tarar yashi ya goge fenti ta ciki har farin alminiyam ya bayyana. Dole na koma taya mai lamba 25 a baya, wadda a kan faffaɗan rim takan kai kusan 27. Duk mai irin wannan keke ya auna kafin ya saya, kada ya dogara da lambar da ke jikin taya.

Giya ita ce na fi daɗewa ina shawara a kai. Daga ƙarshe na sa Shimano 105, zubin R7000 da ya fito a 2018, mai giya 11. Faranti 50 da 34 a gaba, haƙora 11 zuwa 32 a baya. Aikinsa tsaf yake: ka ɗan taɓa, sarƙa ta koma ba hayaniya, tazarar da ke tsakanin giya da giya kuma ta ragu, ƙafa ba ta rasa kiɗanta. Ina jin daɗinsa kullum. Amma ba zan ce shi ya ƙara mini gudu ba, don babu giyar da ke taka feda. Abin da ya canza mini hawan tudu shi ne haƙora 32 ɗin nan, maimakon 28 da nake da su da. Tudun da nake hawa ina nishi ina karkata keke hagu da dama, yanzu a zaune nake gama shi. Wannan kuwa ana iya samunsa a kan giya takwas ma, muddin na'urar canjin ta baya tana ɗaukar babban haƙori. Wanda giyarsa ke aiki lafiya, shawarata ya bar wannan a ƙarshen layi. In kuma ya sa, ya nemi ɗan ƙarfen auna sarƙa; ta giya 11 ana sauya ta da ta miƙe da kashi 0.5 cikin ɗari, in ba haka ba ta cinye haƙoran.

Feda mai kama takalmi ma na sa, SPD-SL, da ƙugiya rawaya wadda ke barin ƙafa ta ɗan juya digiri 6. Gwiwata ta fi son wannan 'yancin.

Akwai abubuwan da na ƙi saye, kuma ban yi nadama ba: kan keke na kabon, notuna marasa nauyi, boris na tangaran. Keken yanzu kilo 8.7 ne. Kilo ɗaya da rabi ke nan na rage, amma in ka haɗa da ni da gorar ruwa mun haura kilo 83, ragin bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. Ko ƙwararru ma hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta yanka musu kilo 6.8 tun shekarar 2000, ba a sauka ƙasa da haka. A shimfiɗaɗɗiyar hanya kuma iska ce babbar abokiyar gaba, kuma jikin mahayi ne ya fi tare ta, ba keken ba. Sunkuyawa da riga mai kama jiki sun fi mini amfani a kan kowane noti.

Ba zan rufe wa alminiyam asiri ba. Yana gajiya da shekaru, kuma in ya tsage gyaransa ba kamar na ƙarfe ba ne, don walda tana kashe gashin wutar da aka yi masa a masana'anta. Bangon bututun siriri ne, ɗan bugu kaɗan ya lotsa. Nawa yana da tabo ɗaya a bututun sama, daga ranar da iska ta kayar da shi a kan dakali. Shi ya sa duk wankin da zan yi masa sai na bi bakin walda da yatsa da ido, musamman ƙarƙashin wuya da wajen gindin feda, ina neman layi siriri kamar gashi. Har yau ban gani ba. 'Yar kunnen da ke riƙe da na'urar giya ta baya kuma an yi ta ne don ta lanƙwashe ta ceci firam, don haka ina ajiye da guda a jaka.

Watan jiya na yi tafiyar kilomita 120 a kansa, mafi tsawo da na taɓa yi. Na fita da duku-duku, hanya ba kowa, ba abin da nake ji sai tayoyi da numfashina. Wajen kilomita 90 akwai doguwar gangara mai kwana uku. Na kama ƙasan kan, na kwantar da ƙirji, keken ya bi kowace kwana kamar an ja masa layi, ba rawa ba tangaɗi. Taurin nan da ake kushe alminiyam da shi, a nan ne yake biyan bashi: inda ka nuna masa nan yake zuwa. Da na iso gida na cire safar hannu, na motsa yatsuna goma ɗaya bayan ɗaya, duk suna nan da ransu. Na jingina keken, na shafa gefen rim ɗin baya na ji ya fara ɗan rami inda birki ke kamawa, alamar nan da shekara guda zai nemi canji. Firam ɗin kuwa, wanda na so rabuwa da shi, shi da fok ɗinsa ban taɓa sauya su ba.