Madubin maikiroskof na ɗalibai da na saya a Adum, Kumasi: ya nuna sitaci, amma lambar kwalin zuƙi ce

Malaman lesin 'yan uwana masu koyar da Bayoloji a Zango, wannan maikiroskof ɗin, wato madubin duba ƙananan halittu, ya ci kuɗinsa, sai dai kada ninki 1,200 ɗin da aka buga a kwali ya ruɗe ku. Aikinsa na gaskiya a ninki 40, 100 da 400 yake. Daga nan sai hoto ya yi ta girma yana dusashewa.

Da gansakuka na gwada shi, irin mai zare-zare da santsi da ake kira Spirogyra, wadda yara suka ɗebo a wani kududdufi a Aboabo. A ninki 100 kuloroplas ɗin, wato sashen da ake haɗa abinci a cikinsa, ya fito kore shar, ya nannaɗe cikin kowace ƙwayar halitta kamar murɗaɗɗen kirtani. A 400 muka fara ganin 'yan ɗigo-ɗigo jere a jikinsa, su ne pirinoyid. Na ɗiga aidin na kemis da na sirka da ruwa a gefen gilashin. Kafin a jima kewayen kowane ɗigo ya rine, shuɗi mai duhu har yana neman baƙi. Wata ɗaliba ta ɗago kai ta ce, "Malam, ashe a nan take ajiye abincinta!"

Abin da nake so su gani ke nan tun kafin jarrabawar WASSCE. A cikin pirinoyid ake tara Rubisco, sinadarin da ke kama iskar kabon. Idan akwai haske sai a haɗa sukari, rarar kuma a ɗaure ta ta zama sitaci, a jera shi a kewayen pirinoyid ɗin, duk a cikin kuloroplas.  Wata Spirogyra da muka rufe a kabad na 'yan kwanaki, da muka sa mata aidin launin ya fito fari-fari, don ta cinye ajiyarta a duhu. Madubin ya nuna wannan bambanci sarai, kuma nan ya burge ni.

Fitilarsa da batir take aiki, ko an ɗauke wuta darasi ba ya tsayawa. Inda ya ba ni haushi shi ne maɓallin saita gani: ɗaya ne tak, kuma yana da sako-sako, yaro na taɓa tebur hoton ya gudu. Silaid ɗin roba da ya zo da su ma ba su daɗe ba suka karce. Ku sayi na gilashi da murafensu tun a shagon, kuma ku sa a kunna muku shi a 400 kafin ku biya.