Tashar NASCAR ta YouTube ta yi, tsarin jera direbobinsu ne ya daɗe yana ci min rai

Shekara kusan uku kenan ina bin tseren motocin NASCAR na Amurka ta tasharsu ta YouTube, tunda yawanci ranar Lahadi ake yi kuma a wajenmu dare ya riga ya yi, sai in bari da safe in kalli taƙaitaccen bidiyon. Gaskiya tashar ta burge ni, kyauta ce, hoto garau, ƙarar injin kamar kana bakin titin, kuma suna saka tsofaffin tsere cikakku ga mai son tarihi. Data dai tana sha sosai, in ka rage ingancin hoton kuma lambar jikin motocin ba ta fita da kyau.

Abin da ya riƙa ɓata min kallon shi ne yadda ake zaɓen direbobi 16 da za su shiga zagayen neman kofi. Tsere 36 ake yi a shekara, 26 na farko na tara maki, 10 na ƙarshe na kofi. To daga 2014 suka ce in ka ci tsere ɗaya tak ka shiga, ko da kuwa duk shekarar a baya kake jan ƙafa. A 2024 Harrison Burton yana can ƙasa da na 30 a maki, ya ci na Daytona, shikenan ya samu kujera, wanda ya fi shi ƙoƙari tun watan Fabrairu kuma ya koma gefe. Haba jama'a.

A shekarar dai Kyle Larson ya ci tsere 6 amma ko cikin huɗun ƙarshe, wato waɗanda suke saura bayan an yi ta korar direbobi mataki-mataki a zagayen kofi, bai kai ba, Joey Logano ya ɗaga kofi a Phoenix, shi da har an cire shi sai da aka soke sakamakon Alex Bowman a Charlotte sannan ya dawo. Ba laifinsa ba ne, dokar da ya tarar ya bi. Na Kevin Harvick a 2020 ma ya fi zafi wallahi, tsere 9 ya ci amma bai ɗau kofi ba, mutum ya wuni yana noma wani ya zo da yamma ya kwashi hatsin. Sun ɗan gyara a 2017 da makin gata da direba ke shiga zagayen kofi da su, 5 in ka ci tsere, 15 ga wanda ya zo na ɗaya bayan tsere 26, sai dai a lokacin a tseren ƙarshe duk sharewa ake yi, huɗun su fara daidai.

Ni a ganina maki ya kamata ya jera mutane, a ƙara wa cin tsere nauyi don kar a koma irin ta 2003 da Matt Kenseth ya ɗau kofi da nasara ɗaya, sannan na sama ya shiga da tazara mai kauri da zai riƙe har ƙarshe. Na ji daɗi da suka sanar a Janairun 2026 cewa sun dawo da Chase, wato tsohon tsarin neman kofi na kafin 2014, yanzu 16 na saman maki ne za su shiga, ba korar kowa, cin tsere ya koma maki 55. Tazarar maki 25 tsakanin na ɗaya da na biyu a farkon zagayen kofi ta yi min kaɗan, taya ɗaya ta fashe ta tafi.

Tashar na ba ta 4 cikin 5, ku nemi waifai kafin ku buɗe cikakken tsere.