Hattara da saƙon "sabunta domen ɗinka yau" da dillalin da ke yin rajista da sunansa

Jama'a, duk mai shafin intanet na kasuwanci ko makaranta ko ƙungiya, ya tsaya ya karanta wannan. Domen, wato sunan da ake rubutawa a kai ga shafinka, mai ƙarewa da .com ko .org ko .net, ba sayensa ake yi ba. Haya ce ta shekara-shekara, kuma mafi tsawon wa'adin da za ka iya biya a gaba shekara 10 ne. Saboda haka duk wanda ya ce zai sayar maka da .com "na har abada" da biya ɗaya, ko dai bai san aikin ba, ko kuma ya san abin da yake yi maka.

Hannu uku ne a cikin harkar. Akwai mai riƙe da babban kundi, kamar Verisign da ke kula da .com da .net. Akwai kamfanin rajista, wanda ICANN, hukumar da ke kula da tsarin sunayen domen a duniya, ta ba izini, shi ne ka buɗe asusu a wurinsa. Sai kai, mai rajistar. Macuta suna cin abinci ne a kan cewa yawancin mutane ba su ma tuna sunan kamfaninsu na rajista ba.

Damfara ta farko ga yadda take zuwa. Imel zai shigo, wani lokaci takarda ce ta gidan waya, da tambari da lambar rasit da sunan domen ɗinka daidai, har da ranar ƙarewarsa daidai. Wannan daidaiton ne yake ruɗar mutane, alhali ranar ƙarewar domen irin su .com a fili take, kowa zai iya dubawa. Za a ce maka saura awa 24 ko 48 shafinka ya mutu. Idan ka sauka can ƙasa, cikin ƙananan haruffa masu dishi-dishi, sau da yawa za ka ga an rubuta cewa wannan ba takardar biya ba ce, tayi ne kawai. To tayin me? Wani na sayar maka da "rajista a injunan bincike" ne, abin da ba ka buƙata, domin Google ba ya karɓar kuɗi kafin ya sa shafi a sakamakon bincikensa na yau da kullum. Ka biya, ka ɗauka ka sabunta, domen kuwa yana nan yana tafiya zuwa ranar ƙarewarsa. Wani kuma so yake ka amince a ɗauke domen ɗin daga kamfaninka zuwa nasa, inda kuɗin sabuntawa ya ninka. Mafi muni shi ne mai kai ka shafin bogi da ya yi kama da na kamfaninka, ka shigar da kalmar sirrinka da hannunka. Ka dubi adireshin harafi-harafi: "rn" a manne yana kama da "m", lamba 1 tana kama da ƙaramin "l".

Akwai 'yar uwarta: saƙo daga wani "ofishin rajista" na wata ƙasa, wai wani kamfani na shirin ɗauke sunanka a .cn ko .asia, amma sun dakatar da shi don su ba ka dama cikin kwana bakwai. Babu kowa. Kamfanin rajista ba ya tsayar da mai saye don ya nemi wani. Wanda ya riga biya shi ke samu.

Maganin duka ɗaya ne. Kada ka latsa komai a cikin saƙon. Buɗe lookup.icann.org, rubuta domen ɗinka, ka ga sunan kamfanin rajista na gaskiya da ranar ƙarewa. Sannan ka rubuta adireshin kamfanin da kanka, ka shiga asusunka, ka biya a can. Dokar ICANN ta wajabta wa kamfanin rajista ya tunatar da kai sau biyu, kusan wata ɗaya da kuma kusan mako ɗaya kafin ƙarewa, sannan sau ɗaya cikin kwana 5 bayan ta. Saƙon da ya zo wata shida kafin lokaci yana ihun gaggawa, ka san da walakin.

Amma wadda ta fi cin mutane, kuma ta fi ba mu takaici, ita ce ta cikin gida. Ka ba wani aikin gina shafi, ya ce ka bar masa komai. Sai ya yi rajistar a asusunsa, da sunansa, da imel ɗinsa. Shekara ta farko lafiya lau. Ka buga adireshin a kati da allon talla, abokan ciniki sun saba da imel ɗin kamfani, sai ranar da kuka saɓa ko ka so canja mai kula da shafin. Nan ne za ka ji kuɗin "saki" da bai taɓa ambata ba, ko kuma wayarsa ta daina shiga. Idan ka kai kuka ga kamfanin rajista, za su duba kundinsu su ga ba sunanka ba ne. A wurinsu shi ne mai domen, kai baƙo ne, ko da rasit goma kake riƙe da su. Akwai tsarin sasanta rikici na UDRP da ICANN ta kafa a 1999, amma sai ka nuna kana da haƙƙin alamar kasuwanci a kan sunan, kuma an yi rajistar an yi amfani da ita da mugun nufi. Rigimar kwangila tsakaninka da wanda ka ba aiki sau da yawa ba ta shiga nan, sai kotu.

Ba duk mai gina shafi ne macuci ba, wasu sakaci ne kawai. Sai dai asarar iri ɗaya ce. Don haka ka buɗe asusun da kanka, da sunanka ko na kamfaninka. Mai gini ba ya buƙatar kalmar sirrinka. Abin da yake buƙata shi ne a sa adiresoshin sabar DNS da ya ba ka, wato masu nuna inda shafinka yake, galibi guda biyu, aikin minti biyar. Idan an riga an yi da sunansa, ka nemi ya mayar maka tun kuna shiri: ya cire kullen da ke hana ɗauke domen ɗin, ya ba ka lambar izinin ƙaura, wadda ake kira lambar EPP. Ƙaurar takan ɗauki kimanin kwana 5, kuma galibi ba ta yiwuwa cikin kwana 60 na farko bayan sabuwar rajista ko wata ƙaurar. Wannan lamba mabuɗi ce. Duk wanda ya kira ka yana nemanta ba kai ka fara maganar ƙaura ba, kashe wayar.

Bayan domen ya dawo hannunka, kunna kulle. A binciken ICANN za ka ga an rubuta clientTransferProhibited, alamar an kulle ke nan. Kunna tantancewa mai mataki biyu, da sabuntawa ta atomatik, kuma ka riƙa duba ko katin da ka sa bai ƙare ba. Wani kuskure da ake yawan yi: kada imel ɗin asusun ya zama na wannan domen ɗin. Ranar da domen ya faɗi, imel ɗin ma ya faɗi, saƙon dawo da kalmar sirri ba shi da inda zai sauka.

Idan kuma ya riga ya ƙare, kada ka biya wanda ya aiko maka saƙon "ceto". A .com da ire-irensa, kamfanin rajista na iya riƙe domen har kwana 45, ko da yake wasu suna ba da ƙasa da haka sosai, wasu ma suna sa shi a gwanjo a cikin wannan lokacin. Idan aka goge shi, akwai kwana 30 na fansa da ƙarin kuɗi mai nauyi, sai kwana 5 da ba wanda zai iya taɓa shi, daga nan ya koma kasuwa, inda masu na'urorin cafke domen da zarar an sake shi ke jira. Domen na ƙasashe, masu haruffa biyu a ƙarshe, kowanne da nasa ƙa'idar, sai ka karanta ta a shafin mai kula da kundinsa tun kafin ka biya.