Ƙaramin jirgin rimot na MiG-15 ko na F-86 Sabre, wanne zaka fara tayarwa?

Duk biyun jiragen yaƙi ne da suka fara tashi a 1947, MiG na Tarayyar Sobiyet, Sabre na Amurka, kuma sun gwabza a yaƙin Koriya daga 1950 zuwa 1953. To ƙananansu na rimot fa, masu fanka a cikin ciki da batiri mai caji da ake kira LiPo?

Ni dai wlh MiG ɗin ya fi kwanta min a rai, gajere ne mai ƙaton tumbi, batiri na shiga ba sai ka yi ta dannawa ba, ga tarihi kuma, sojan saman Najeriya sun samu MiG-15 na koyo da MiG-17 lokacin yaƙin basasa. Matsalarshi sauka, in ka rage gudu da yawa sai fiffike ɗaya ya faɗi, nawa haka ya dungura a wani fili bayan gari hanyar Jibiya, hancin ya tsage sai da na liƙe da gam.

Sabre kuwa a hannuna ya fi natsuwa, doguwar jiki gare shi, yana saukowa a hankali kamar shirwa. Sabon shiga ya fara da shi kawai.

Amma dukkansu ta hanci suke shan iska, yashin Katsina kuma ba ya wasa, tsakuwa ɗaya ta shiga fankar shikenan. Lokacin hunturu ka fita da sassafe kafin iska ta taso, minti 3 zuwa 4 ka sauko, kuma dan Allah ka yi nesa da filin jirgin Umaru Musa Yar'adua.