Bash, Python ko PowerShell: wanne ya dace da mai kula da kwamfutocin ofis?

Duk wanda aka ɗora wa kula da kwamfutocin wani ofis a Yamai, wata rana zai gaji da kwafe fayiloli da hannu kowace yamma, ya nemi hanyar rubuta umarni sau ɗaya na'ura ta riƙa maimaitawa. Ukun da aka fi ambata duk kyauta ne, don haka lokaci mutum zai kashe musu, ba sefa ba.

Ni dai Bash na riƙe. Brian Fox ne ya rubuta shi ƙarƙashin shirin GNU na samar da manhajoji kyauta, ya fito a 1989, kuma yana zuwa tare da kusan kowane Linux (tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Windows), ba sai an ƙona kuɗin intanet wajen sauko da shi ba. Abin da ya fi ja na gare shi shi ne halin wutarmu a watannin zafi. Na taɓa barin kwafi mai nauyi yana tafiya, wuta ta ɗauke a tsakiya, washegari na rasa gane abin da ya wuce da abin da ya rage. Tun daga nan rsync, manhajar kwafe fayiloli, nake sawa cikin ɗan rubutun Bash, cron, mai tayar da aiki a lokacin da aka sa masa, ya tayar da shi ƙarfe 10 na dare. Idan aikin ya katse, gobe abin da ya rage kawai zai ɗauka. Sai dai Bash ba ya yafiya. Wanda ya rubuta rm -rf "$JAKA/" don goge wata jaka, alhali bai sa wa JAKA sunan jakar ba, tushen faifan baki ɗaya ya nuna wa umarnin gogewa. A sa set -u a saman rubutu don ya tsaya idan an manta hakan, a bi shi da ShellCheck mai gano kurakuran rubutu, a kuma gwada rsync da -n, wanda ke nuna abin da zai yi ba tare da ya yi ba, kafin a sake shi.

PowerShell na Microsoft, wanda ya fito a 2006, ya dace da ofishin da komai nasa Windows ne, amma umarninsa sun cika tsawo. Python kuwa sai aiki ya kai ga lissafi da tebura.

Inda na fi son a buɗe ido shi ne wajen abin da za a zuba ajiyar a ciki. Akwai 'yan sandunan USB na jabu a kasuwa, an rubuta 128 GB a jikinsu, kwamfuta ma haka za ta nuna, alhali cikinsu bai kai ko kusa ba. Rubutunka zai ce ya gama lafiya, sai ranar da ka zo buɗe fayil ka tarar da shirme. Wani mai shago ya taɓa sayar mini da irinsu biyu, yana ta rantsuwa. Yanzu kafin in amince da sabo, sai na gwada ainihin girmansa: na cika shi da manhajar f3write, na karanta da f3read, ko da zai cinye yini. Haka nan umarnin da aka tsinto a intanet, musamman mai cewa a sauko da rubutu da manhajar curl a miƙa wa sudo bash kai tsaye: a fara ajiye shi, a karanta shi layi-layi, domin ikon shugaban na'ura ne za a damƙa masa.